Abin da nake sawa a miyata ya ɓata sunan bawan Allah

Assalamu alaikum Anti, da masu karanta wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshen maganar kafin ku tsine mani, don ni kaina ƙyamar kaina nake.

Tuwo nake sayarwa a tashar motoci ta bakin iyakar Jibiya. Bara kasuwa ta mutu mani, sai wata maƙwabciyata ta ba ni sirri, wai in riƙa barbaɗa garin wiwi a miyar kuka, direbobi za su yi layi. Na ce a'uzubillahi. Ta yi dariya, wai ban waye ba, wasu ƙasashen ma gwamnati ta halatta ta, kuma tun daga nan sata da faɗa suka ragu. Ni kuma shashasha na kama wannan maganar na rufe bakin zuciyata da ita. Ina ruwan tukunyata da dokar wata ƙasa? Su can ai mai sha ya san abin da yake sha. Ni fa? Mutane na yin bisimilla ina ɗura masu ƙazanta, suna sa mani albarka, wai hannuna akwai daɗi. Tir!

Cikin masu cin tuwona akwai wani direba ɗan Daddara, bari in kira shi Malam Isuhu. Ko goro ba ya ci, shi ke jan sallar azahar a tasha. Watan jiya ya samu aikin tuƙa motar wata ƙungiya, aka yi masa gwajin fitsari, aka ce an ga wiwi. Ya rantse har da kuka, ba wanda ya yarda. Aiki ya tafi, an hana shi limanci, kuma da buhun wake ya ɓace a tasha shi aka fara nunawa, wai ɗan wiwi me ba zai yi ba? Maƙwabciyar nan tawa har da ita a masu tofa yawu. Kun ji raguwar laifi!

Na daina sawa, wallahi na zubar da sauran a masai. Amma shekaranjiya ya zo ya zauna kan bencina, duk ya rame, ya ce, “Yaya, ke kaɗai ce ba ki sauya mani fuska ba. Jumma'a shugabannin tasha za su zauna kan maganata. Ki zo ki shaide ni, ke kin san abin da nake ci.”

Ai kuwa na sani.

In na faɗi gaskiya, kamu ne, ga 'ya'yana huɗu da tukunyar nan ke ciyarwa. In na je na yabe shi kawai, na ƙara munafunci, kuma ba zai wanke shi ba. Jumma'a jibi ce. Me zan yi?