Kayen Tahiru da Rumbun Maigari

Ya Malam Na'Allah,

Don Allah ka taimake ni da shawara. Na kusa sa a ɗaure surukina da bakina, Allah ya tsare, yau kwana goma ina barci har da minshari. Amma garin haka na yi asarar yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajina, ga konkur, jarrabawar shiga babbar lakwal ta Yamai, saura wata biyu. Jaridarku fatake ke kawo mana ita daga wajenku, wani lokaci da ɗigon man ja a jiki, duk da haka filinka nake fara buɗewa.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ta Filinge, manyan ɗiya nake koyarwa. Huɗu daga cikinsu na ware, bayan la'asar muna karanta wani tsohon littafin Faransanci da wani Nasara ya bari da zai koma gida. Labarin wani magajin gari ne mai ƙaton sito. Ya sayar da abin da ke ciki ya ci, amma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa ƙofar da makullai, mutanen gari suna tafi. Marubucin bai zage shi ko sau ɗaya ba, yabonsa yake yi, irin yabon da gara a mare ka. In ina karantawa yaran nan dariya suke har da riƙe ciki. Amma in na ce su rubuta sharhi, sai su kawo mini cewa magajin gari mutumin kirki ne mai son baƙi. Sau ukku ana haka.

Malam, ni ɗan Kurfai ne, ya kamata in gane tun farko. A wurinmu in mace ta yi habaici bakin rijiya, kowa ya san da wa take, amma ba mai fassarawa. Wanda ya fassara, shi ya yi zagin. Yaran ba jahilci ke damunsu ba, ladabi suke yi. Ni kuwa boko ya hau mini kai, na buga tebur na ce su daina yi mini kunyar banza. Na ce: “Ku rubuta wanda mutumin nan yake nufi, ku faɗe shi fili, laifin a wuyana.” Abin da nake nufi shi ne masu mulki irin wannan, ko'ina suke. Ban bayyana ba.

Tahiru, wanda nake ba ka labari, ya ɗauki maganata yadda ɗan ƙasarmu zai ɗauke ta, wato habaici ba ya rasa mai shi, kuma mai shi yana nan da rai yana shan fura. Ya cika shafi huɗu da Faransanci mai kyau, ya nuna magajin garin nan ba kowa ba ne sai maigarin ƙauyensu. Ka san kowane ƙauye an tilasta masa rumbun tsimi, wanda kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ke aiko gardi, wato dogarawansa, su leƙa. Tahiru ya rubuta cewa nasu hatsi ne a sama, ƙaiƙayi a ƙasa, ya sa sunan maigarin a cike. Maigarin nan kuwa uban matata Haske ne, mutumin da ko sunansa ba ni iya kamawa.

Ban ko buɗe kayen ba, wato littafin aikin da ya yi rubutun a ciki, sai sufeton lakwal ya iso daga Yamai, kwana guda kafin ranar da aka ce. Darektanmu mutumin Dahome ne, bai san kan garin ba. Ya kwashi kayen yaran huɗu ya miƙa masa don a ga ƙoƙarinmu. Sai da rana na tambayi Tahiru abin da ya rubuta, ya faɗa mini yana murmushi, yana jiran in yaba. Sufeton kuwa gidan kumandan ya sauka, tebur guda suke cin abinci.

Kwana ukku na yi cikin fargaba. In na ji takun doki sai in ce gardi ne za su ƙauye. Haske ta yi ta tambaya, na ce zazzaɓi ne, ta dafa mini sabara na shanye, alhali lafiyata lau. Abin da ya fi cin raina shi ne na san dalilin rumbun. A yunwar bara, wadda aka ci garin rogo, tsohon ya buɗe shi ba da izini ba, ya raba wa gari. Gidan su Tahiru ma sun ci. Yaron yana nan Filinge wurin mai masaukinsa a lokacin, raɗe-raɗin ƙaiƙayin kawai ya ji.

Ran na huɗu kayen ya dawo. Sufeto ya ja jan layi tun shafin farko, ya rubuta cewa yaron ya fita daga batu, marubucin ya mutu kusan shekara ɗari biyu, bai taɓa jin sunan Kurfai ba. Ya ba shi huɗu bisa ashirin. Da alama ko shafi na biyu bai juya ba. Ban taɓa murnar mummunan maki irin ta ranar ba, na shiga ɗaki na yi sujada.

To, amma a cikin kwanakin tsoron na yi wa Tahiru tatas a gaban 'yan'uwansa, na ce masa marar kunya. Yanzu ya koma rubuta mini cewa magajin gari mai son baƙi ne, sauran ukkun suna bin sa. Yaya zan koya musu sharhin nan ba tare da sun yi ƙarya ko sun tona asirin wani ba? Kuma in gaya wa tsohon, ko in bar kaza cikin gashinta?

Ni ne,
Mushen da ya sha da ƙyar, Filinge

Ya Mushe,

Barka da arziki, na taya ka ajiyar zuciya. Amma bari in ɗan ja kunnenka tukuna. Ka yi wa yaro faɗa don ya sa maganar rumbu a kaye, kai kuwa ka aiko ta jarida. Na canja sunayen, na cire sunan ƙauyen, ka ga ashe ba Tahiru kaɗai alƙalami ke ja ba.

Sufeto yana da gaskiyarsa. Mai gyaran jarrabawa ba ya tambayar wa aka zaga a garinku. Yaranka ma suna da tasu, don ɗan mutunci ba ya kama sunan babba ya ɗora masa zambo. Abin da ba ka gaya musu ba shi ne habaicin bakin rijiya mutum ɗaya ake ɗinka wa, na littafi kuwa hular kasuwa ce, duk wanda ta yi wa daidai ya sa. Mai sharhi ɗinkin yake dubawa. Ka ce su nuna maka wurin da suka yi dariya, su kawo kalmomin da marubucin ya sa a wurin, su faɗi abin da ya yaba da baki alhali labarin yana ƙaryata shi. Daga nan su kama sunan halin, ko fankama ce, ko cin amana, ko tafin matsorata, su bar sunan mutum. Ladabinsu bai taɓu ba, makinsu kuma zai fito.

Tahiru kuwa ka kira shi shi kaɗai ka gaya masa inda hatsin ya tafi. Rabin da ke da haɗari ya riga ya sani, ka ba shi rabin da ke da daraja. Zai ga da kansa cewa rumbu biyu na iya zama wayam, ɗaya don an ci amana, ɗaya don an ceci rai. Wannan darasi ne da ba ya cikin littafinka. Shafukan nan huɗu kuma a cire su daga kayen, a sa a murhu.

Tsohon kada ka tunkare shi, ba aikin suruki ba ne. Ka gaya wa Haske gaskiya, ta isa haka da dafa sabara. Ita ta san kawun da za ta aika ya ce masa maganar rumbu ta fara yawo, a rufe ta da cika rumbun in kaka ta yi. Ba sai an ambaci yaro ba.

Saura mai wuyar. Kai ka ce laifin a wuyanka, da ya zo kuma ka sauke shi a kan yaro. A gaban ukkun nan ka kunyata shi, a gabansu za ka ce kai ne ba ka bayyana ba, kuma ka janye kalmar da ka jefe shi da ita. Girmanka ba zai ragu ba. Sai ya ji wannan zai sake rubuta maka abin da ya gani.

Kada ka yi nawa, wata biyu ba yawa. Yaron da ya karanta littafin mutumin da ya mutu shekara ɗari biyu har ya hango rumbun garinsu a ciki, ya iya karatu, wurin ajiye shi kawai ya rage ka nuna masa. Allah ya ba shi sa'ar konkur, ya ba ku damina mai albarka, rumbun tsoho ya cika har ƙasa.

Naka,
Na'Allah