Abin da ya sami Habibu da Buba

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ya jikin naka, ya zafin Marwa? Mu nan unguwar New Bell muna fama da ruwan sama, amma alhamdu lillahi.

Yaya, labarin ba daɗi. Habibuna da abokinsa Buba sun daɗe suna harhaɗa ƙananan jirage marasa matuƙi a shagonsu na unguwar Akwa. Bara gwamnati ta ba su tallafi su ƙera wanda zai riƙa gano wa soja nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyinku. Habibu har rawa ya taka. Ya ce, "Inna, mu ma an san da mu."

Ranar Talata suka fita gwaji a wani fili bayan unguwar PK 14. Batirin jirgin ya fashe suna durƙushe a kansa. Buba ko asibiti bai kai ba. Habibu kuwa an yanke masa hannun dama.

Wasu mutane sun zo sun kwashe kayan shagon, suka ce yarjejeniyar tallafin ta hana a yi zancen. Uwar Buba ta tambaye ni me ya kashe ɗanta.

Har yanzu Habibu bai sani ba. Kullum na shiga sai ya ce, "Inna, Buba a wane ɗaki yake?" Ni bakina ya kasa. Kai ne kawunsa, maganarka yake ji. Don Allah ka kira shi ka faɗa masa.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Goggo.

Ƙanwarka,
Asabe