Amanar da Ta Tsiro da Ƙafafu

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da uwar ɗakina, wato jikata, kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwar mahaifiyarki da wani al'amari da ya girgiza gidan nan.

Kin san ranar tafiyarku jikata ta damƙa mini talibambam ɗinta cikin kwalba, ɗan baƙin abin nan da ba shi da komai sai kai da wutsiya. Na yi mata alkawarin mayar mata da shi yadda ta bar shi, kuma har na yi ritaya daga alƙalanci ba a taɓa kama ni da saɓa magana ba. Kullum ina ba shi dafaffen alayyafo, ruwan famfo kuwa sai ya kwana nake zuba masa. Jiya na sa tabarau na leƙa, sai ga ƙafafu! Na san halin zuriyarsu ke nan, amma na ɗauka mai tarbiyya zai jira mai shi ta dawo. Kada ki gaya mata tukuna.

Mahaifinki, cikin jimami,
Tsohon Alƙali

'Yata,

Ina gaishe ku, ya jikin kowa? Lamari ya ƙazanta. Hannuwa sun biyo ƙafafu, ya daina cin abinci, wutsiya kuma kullum raguwa take. Na zaunar da kotu a falo don gano ɓarawon wutsiyar. Na tuhumi kyanwa, ta yi hamma. Na tuhumi mahaifiyarki saboda an gan ta da almakashi, sakamakon haka na wuni ba shayi. Da bincike ya yi zurfi, sai ta bayyana cewa mai ƙara, wato talibambam, shi ne ɓarawo: jikinsa ne ke shanye wutsiyar. Ban taɓa ganin shari'a irin wannan ba.

Shekaranjiya kuma na tarar da shi yana neman nutsewa, shi da aka haifa cikin ruwa! Nan take na rage ruwan, na sa masa dutse ya hau. Yanzu ba ya kallon komai sai ƙuda mai rai. Maƙwabcinmu ya gan ni bayan kicin ina bin ƙuda da matacin shayi. Tun daga ranar a hankali yake gaishe ni, irin gaisuwar da ake yi wa marar lafiya.

Naki,
Tsohon Alƙali

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na kwana biyu ina tsara yadda zan nemi gafarar uwar ɗakina, domin abin da ke kan dutsen nan kwaɗo ne cikakke, yana harara ta. Sai ga hoton da kika aiko.

Wace ce wannan doguwar? Ina haƙoranta na gaba? Na ba ku yarinya mai kumatu da cikakken baki, kun mayar da ita haka ba tare da sanar da kotu ba! Mahaifiyarki ta ce ƙwalla ta gani a idona. Ƙarya ce, tabarau ne.

Yanzu ki gaya mata gaskiya. Kwaɗonta na nan ƙarƙashin raga har ta zo mu sake shi tare. In ta ce ba shi ta ba ni ba, ni ma a dawo mini da mai haƙora.

Mahaifinki mai kewarku,
Tsohon Alƙali