Abin da Alkama Ta Yi Mana

Dakoro, cikin bazara

Zuwa ga aminina Halidu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Laila da yara, kuma ranar Agadas ba ta ƙarasa gasa maka sanƙo ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka. Ta ce har yanzu ba ta yafe maka zuwan da ka yi Maradi ka koma ba ka ƙaraso Dakoro ba.

Kwalin makaronin da ka ba direba ya iso, mun gode ƙwarai. Ka aiko shi a kan gaɓa. Tun da aka ba ni daraktan kwaleji, kuma aka buɗe gidan burodi a bayan tasha, uwargida Furera ta yanke hukunci cewa kunun safe ba na gidan darakta ba ne. Ni da aka raina da fura, yanzu shayi nake karyawa da shi, ina tsoma burodi a kofi kamar wanda aka yanke wa cibi a Faransa. Wannan ne ci gaban da aka yi mana alkawari a lakwal, tun muna ƴan makaranta. Ya daɗe a hanya, amma ya iso.

Ba don makaroni na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da ba ta shiga waya, don a gidanmu katanga ma tana saurare. Furera ta yi ƙiba. Zannuwanta ba sa haɗuwa yadda suka saba, zoben azurfarta ya matse har ta cire shi. Cikinta ya taso. Tana yawan kasala, da safe zuciyarta na tashi, kuma ta daɗe ba ta yi fashin salla ba. Kai mai gida cike da yara ka san sunan wannan abu. Ni a littafi kawai na san shi.

Ka san shekara ashirin da ɗoriya muna tare, ɗakinmu shiru. Ka san sassaƙen da muka sha da ƙofofin da muka ƙwanƙwasa. Daga baya mun bar zancen, muka zauna da shirunmu kamar yadda ake zama da tsohon ciwon ƙafa.

Abin da zai ba ka mamaki, har yau ba wanda ya furta komai. Wata safiya Inna ta ga Furera tana kokawa da bakin zane, sai ta kau da kai ta shiga ɗaki, ta daɗe a kan buzun salla. Da ta fito ta sa aka jingine turmi bayan rumbu, ta ce daga yau Furera ba surfe, ba daka, ba ɗaukar tulu. Ba ta faɗi dalili ba, ba wanda ya tambaya. Inna kuwa hannunta ya daina ɗaga taɓarya, kuma ba ta cin garin inji, ta ce ƙarfe take ji a ciki. To in ba daka, ba tuwo ba fura. Saboda haka burodi da safe, makaroni da rana, makaroni da dare, wani lokaci fanke a tsakani don kada mai ɗakin ta ji yunwa.

Ni ma ban tambayi Furera ba. Ina tsayawa gaban yara ɗari in yi bayanin yaƙe-yaƙen duniya ba gargada, amma na kasa tambayar matata abin da ke jikinta. Tsoro nake kada kalma ta kore shi.

Ka sa mu a addu'a. Kada ka gaya wa Laila tukuna, ko da yake na san ita za ta riga ka karantawa.

Naka har kullum,
Mudathir

Dakoro, farkon damina

Aminina Halidu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida iyali. Yaya jikin babarka? Allah ya ƙara sauƙi. Mun sami ruwa, an yi shuka, gero ya fara leƙowa. Wasiƙarka ta iso da kwali na biyu, da turaren da Laila ta ce ba don komai ta aiko ba.

Abu ya fita daga hannunmu. Kawu Hama, ƙanen Inna da ke Roumbou, ya zo da amalanke cike da itace, manyan gumagumai irin na dafa ruwan wankan jego, ya jibge su a ƙofar gida. Ka san yadda itace yake a ƙasar nan, ba a tara irin wannan don dafa shayi. Ya sha ruwa, ya yi zancen shanu, ya tafi. Shi ma bai ce komai ba. Amma Dakoro kaf ta karanta tulin nan, har waɗanda ban taɓa iya koya wa karatu ba. Mahauci yana yi mini gyara ban roƙa ba. A masallaci ana riƙe hannuna fiye da ƙima. Malaman kwaleji suna murmushi in na wuce, kamar ni ne na ci jarrabawa.

Na so in yi murna yadda suke yi, Halidu, amma karatu ya ɓata ni. Akwai tsohon littafin likitanci da na gada a ofis, na karanta shi har ya fara gajiya da ni, kuma abin da nake gani bai bi layinsa ba. Cikin Furera yana kumbura da la'asar ya yi tauri kamar ganga, da asuba ya ɗan saki. Ban taɓa jin ɗan da ke girma da yamma ya koma da safe ba. Kanta na ciwo kusan kullum. Gaɓoɓinta na ciwo. Wani lokaci gudawa, wani lokaci ciki ya ɗaure. Ƙuraje sun fito mata a gwiwar hannu. Inna tana da amsa ga kowanne: haka ita ma ta yi lokacin da take ɗauke da ni. Da alama tun a can na fara wahalar da mutane.

Na ce mu je awo. Furera ta ƙi. Ta ce ungozomar asibitin nan ƴar maƙwabta ce, kafin mu dawo gida labari ya riga mu, kuma na fari ba a kai shi kasuwa. Wannan ne karon farko da ta kusa kiran abin da sunansa, kuma da ta faɗa sai ta rufe fuska da mayafi kamar amarya. Na fita waje na tsaya kusa da itacen Kawu Hama.

Da ƙyar na shawo kanta mu je Maradi, da sunan gaida yayarta Suwaiba. Can ba wanda ya san mu. Zan rubuto maka in mun dawo.

Ka gaida kowa da kowa.

Abokinka,
Mudathir

Dakoro, tsakiyar damina

Halidu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kuma ka yi haƙuri da ƙin ɗaga wayarka da na yi. Mun je mun dawo tuni.

Babu komai, Halidu. An yi hoton ciki, likitar ta juyo mana da allon, ta nuna mana a hankali don kada mu ce ba mu gani ba. Mace ce mai natsuwa, ba ta yi mana gaggawa ba. Ta ce ɗaukewar al'ada shekaru ne suka fara kawo ta. Ta sa aka auna jini, ba sukari, ba ciwon maƙoƙo, ba ƙari. Sai ta shiga tambayar abin da muke ci. Da Furera ta gama lissafi, likitar ta ajiye biro.

Ta ce akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama, shi ke sa ƙullin burodi ya yi yauƙi, suna kiransa gulutan. Wasu mutane jikinsu ba ya shiri da shi: ciki ya kumbura, kai ya yi ciwo, jiki ya mutu. Ta ce zato take, ba rantsuwa ba. Ƙibar ma mai yiwuwa har da zaman da aka sa Furera ba motsi, ga mai ga sukari. Jinin da aka aika Yamai bai nuna ciwon hanji mai tsanani da alkama ke kawowa ba, don haka hanya ɗaya ta rage: ta bar duk abin da aka yi da alkama na wasu makonni, a ga abin da jiki zai ce. Gero, dawa, shinkafa, wake, duk ba laifi. Wato maganin matar darakta shi ne abincin da uwar darakta ta ci ta tsufa.

Muka shiga mota muka kamo hanyar Dakoro. Ta jingina kai da gilashi tana kallon gonaki.

Washegari ta sa mayafi ta tafi bayan tasha da ƙafarta, ta sayo burodi. Ta zauna gabana ta cinye shi tas, tana kallona. Ba wai ba ta gane ba ne. Furera ta fi ni fahimtar abin da likita ta faɗa. Na ɗauki kwanaki ina jin haushi kafin na ga abin da take gani. A gidan suna yanzu ana matsa mata ta zauna cikin iyaye mata, ba can bakin ƙofa wajen masu wanke kwanoni ba. Mata suna yi mata raɗa, suna ba ta shawara. Inna, wadda ba ta taɓa yi mata gori ba amma kuma ba ta taɓa taɓa ta ba, yanzu ita ke matsa mata ƙafa bayan magariba. Duk wannan yana rataye ne a kan cikin nan. Ranar da ta bar burodi cikin ya sace, ranar za a karɓe.

Ga shi ina kallonta tana sayen ciwon kai da kuɗinta kowace safiya. Jiya ta yi amai har ta kasa miƙewa. Na ce mata wannan hanya ba ta da nisa, watanni za su cika, mutane sun iya ƙidaya. Ta ce ta sani, in bar ta ta ɗan ƙara zama a ciki.

Zan iya shiga ɗakin Inna in faɗi gaskiya yau. Amma ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma in na faɗa ba da yardarta ba, ban san da wace fuska za mu ci gaba da zama ba. Ni da na ƙare rayuwata ina gyara kuskuren ƴaƴan mutane da jan biro, ga kuskure a tsakar gidana na rasa inda zan sa hannu.

Don Allah kada ka ƙara aiko makaroni. Ka ce wa Laila ta riƙe bakinta, na san za ta iya in abu ya kai haka.

Naka,
Mudathir

Dakoro, cikin kaka

Aminina Halidu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina sanar da kai mun ga kaka lafiya. Gero ya yi, ba laifi. Na gode da wasiƙarka, musamman da ba ka ba ni shawara ba.

Ba ni na warware ba, Inna ce, ba tare da ta sani ba. Ta ji labarin wani malami a Birnin Lalle mai rubutun sauƙin haihuwa, ta bi amalanken masu zuwa kasuwa ba ta gaya wa kowa ba. Ruwan ƙarshen damina ya kama su a hanyar dawowa. Ta iso jiƙe sharkaf, ta rungume gorar rubutun a ƙirji don kada ta zube. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙirji ya kama, har na fara tunanin kiran dangi. Furera ce ta yi jinyarta. Da Inna ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko an sha rubutun.

A nan Furera ta gaya mata komai. Ina zaure, ban ji kalmomin ba. Daga baya Furera ta ce mini Inna ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta tambaya ko gero ma yana yi mata illa. Da aka ce a'a, sai ta ce to a jiƙa.

Tun daga ranar nan, alkama ba ta sake shiga gidan nan ba. Ban ce likita ta yi daidai ɗari bisa ɗari ba, ita ma ba ta ce ba, kuma za mu koma ta sake dubawa. Amma ciwon kan ya tafi, ƙurajen sun bushe, tana tashi da ƙarfinta. Ƙibar tana sauka a hankali. Cikin kuwa ya sace, kowa ya gani.

Abin da ban hango ba shi ne yadda gari zai fassara. Ciki ya taso, ciki ya tafi, ba a ji kukan jariri ba. Sai mata suka fara shigowa jaje. Daga unguwa, daga Roumbou, har daga Korahane, wasu da ƙwaryar nono, wasu hannu sake. Suna durƙusawa, suna cewa sannu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa mai ceto ne.

Na tashi zan shiga in yi musu darasi a kan alkama, ka san halina. Furera ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce ba za ta ce wa kowa ta yi ɓari ba, duk wadda ta tambaye ta kai tsaye za ta gaya mata gaskiya. Amma in bar su su yi mata sannu. Ta ce shekara da shekaru tana rashi, ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna da ita a kai, don ba a zaman makoki a kan abin da bai zo ba.

Na koma zaure na zauna. Ina hango su ta ƙofa. Inna, wadda ta san komai, tana zaune kusa da ita a tabarma ɗaya, tana amsa amin tare da ita. Furera ta yi kuka, Halidu. Tun da na aure ta ban taɓa ganin ta yi kukan wannan abu ba, ko a ɓoye. Ta yi shi a gaban mutane, mata suna dafa ta, ba wadda ta ce ta yi shiru.

Da la'asar mazan unguwa suka zo wajena, limaminmu a gaba. Suka zauna, aka ɗaga hannu aka yi addu'a. Duk bayanin yana bakina, a jere, yadda nake shirya darasi. Na shafa, na ce na gode.

Furera tana gaida Laila. Inna ta ce in ka zo ta yafe. Allah ya sada mu da alheri.

Amininka,
Mudathir