Baba Ya Koma Ciyayya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka kabarinki, na rubuto ne in sanar da ke halin da Baba yake ciki. Na san ba za ki karanta ba, amma ke na saba kawo wa labari.

Bayan rasuwarki, hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin damansa ya shanye. Ƙafar ta dawo a hankali, hannun ya ƙi. Kin san Baba da kunya. Ya ce ba zai ci tuwo da hagu a gaban mutane ba, ya daina fita ciyayya ƙofar gida. Ni nake ba shi a baki, loma uku ya kau da kai. Ya rame, Inna, har hularsa ta yi masa yawa.

Da aka tura mu wani asibiti a birni, dangi suka tsorata, wai fasa masa kai za a yi. Ƙaninki Kawu Sule ya miƙo mini takardar asibitin, tunda ni ce 'yar boko. Na karanta musu: ba yanka, ba allura, ko aski ba a yi, wata na'ura ce kawai za a sa masa a kai.

Na'urar kamar lamba takwas take. Wata likita ta ɗora ta a gefen hagu na kansa, tana ƙas-ƙas. Kawu ya zabura, wai an yi kuskure, ai dama ce ba lafiya. Da ƙyar na buɗe baki na ce an koya mana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya hannun dama. Likitar ta gyaɗa kai, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ta ce maganaɗisun na'urar yana zaburar da wurin ne kawai, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Ƙwaƙwalwa na iya buɗe sabuwar hanya, amma sai an yi ta aiki da hannun. Ashe tausayina ma cutar da shi yake yi. Na tuna abin da kike faɗa idan mun daɗe ba mu je gaida dangi ba: "Hanyar da aka daina bi, ciyawa ke cinye ta."

Tsakanin zuwa asibiti, kullum sai in ajiye masa ƙwaryar gyaɗar iri ya ɓare. Ranar farko ko ɗaya bai fasa ba. Na ɗaure zuciya na ƙi taya shi, na shiga ɗakinki na yi kuka. Haka muka yi watanni.

Jiya bayan magariba ya ce a fitar masa da akushinsa. Na laɓe a zaure ina leƙe. Ya kai loma da hannun dama, hannun yana rawa, miya ta ɗiga a rigarsa. Maƙwabcinmu Malam Idi ya ce kowa ya kare kwanonsa, mai babbar loma ya dawo. Baba ya yi dariya.

Innata, akushin nan ya dawo wayam.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya ƙara wa Baba lafiya. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hafsatu