Kwalbar da Amparo ta Buɗe

Zuwa ga ƙanwata Amparo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibitinku. Kin san ni da waya, kunnen nan ba ya ji, shi ya sa na ɗauki biro.

Yau mako uku da aikin idon da aka yi min, amma idon dama duhu ne ƙirin. Ke kika ce min ruwan nan da aka zuba min a ido abin mamaki ne: garau kamar ruwan sha, ya ninka shi nauyi, ana zuba shi ya danne tantanin idon da ya ɓalle ya koma mazauninsa, sannan a zuƙe shi. Har kika ce ɓera na numfashi a cikinsa bai mutu ba. To ni ɓeran ya fi ni sa'a ne? Jiya na zuba ruwan inabi a gefen kofi, Remedios matata tana ta yi min dariya. Yaushe zai washe?

Yayanki,
Eusebio

*

Yaya Eusebio,

Ina gaishe ka, ina gaida Remedios. Ka zauna kafin ka karanta.

Ba zai washe ba. Ranar Litinin likita ya tara mu, fuskarsa fara fat. Mutum biyar aka yi wa aiki da ruwan a watan jiya, duk biyar idon ya mutu. Ruwan kansa ba ya cutarwa, shekara ashirin muna aiki da shi. Wannan rukunin kwalabe ne ya zo da guba tun daga masana'anta, ya ƙone jijiyar gani. Da ido ba a ganewa, Yaya. Garau yake.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar da aka yi maka aikin, ba ranar aikina ba ce. Na roƙi a sa ni don in tsaya a kanka. Ni na ɗauko kwalbar, ni na buɗe, ni na miƙa wa likita.

An ce mu yi shiru sai an gama bincike. Akwai sauran kwalabe a wasu garuruwa.

Ƙanwarka,
Amparo

*

Amparo,

Gaisuwa. Remedios ce. Yayanki ya karanta takardarki sau biyu, ya fita wajen tumaki. Na tarar da shi a tsaye bakin garke ya rufe idon hagu da tafin hannu, yana ta jujjuya kai. Mutumin da ba ya ji, yanzu ido ɗaya ya rage masa! Ke kika dage ya zo wajenku. Sannan wai ku yi shiru? Yau wa ake zuba wa ruwan nan a ido, Amparo? Uban wa?

Ki huta lafiya, in kin iya.
Remedios

*

Yaya, Remedios,

Ina gaishe ku. Na kai wa hukumar magunguna lambar kwalaben da hannuna. An janye su ko'ina. An dakatar da ni daga aiki. A wani gari an yi wa wata mata aiki da shi kwana ɗaya kafin in je. Kwana shida na yi ina jin tsoro.

Amparo

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Maganar kwalba ki bar ta, ba ki sani ba. Ta kwana shidan ce ban san yadda zan yi da ita ba tukuna.

Ki shigo motar Asabar, tana isowa da azahar. Remedios ta ce ba za ta dafa miki komai ba, amma na ga ta jiƙa wake.

Yayanki,
Eusebio