Ranar da Teku Ya Tare wa Gwamma Hanya

Ingila, ranar Talata.

Zuwa ga 'yar kawuna Malama Furera, a Kabo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam da 'yan Islamiyyarki. Yaya damina? Na ji an ce gero ya yi kyau a Gude, Allah ya sa a girbe lafiya. Kin ga na yi miki rubutu manya-manya kamar na allon 'yan aji ɗaya, don kada ki ce idonki bai gani ba. Ki buɗa hoton takardar a waya ki bi a hankali.

Gwiwar da aka yi wa aiki ta yi sauƙi, amma autata Badi'a ta tayar mini da hankali. Tun da ta zama nas a ƙasar nan take kallona kamar ƙwai. Wai in mun je Hajji baɗi, a keken marasa lafiya za a tura ni ɗawafi da Safa da Marwa. Na ce mata, "Masu keke ai hanyarsu daban. To wa zai riƙe Furera a cikin taro, ita da ba ta gane mutum sai ya zo gabanta?" Tun muna 'yan mata a Kutama muka yi alkawari hannu da hannu za mu zaga Ɗaki, yanzu yarinyar da na goya za ta raba mu.

Da na matsa mata, sai ta sa ni a mota ta kai ni bakin teku. Furera, duwatsu ne dogaye a tsaye kamar an yanka su da wuƙa, ruwa yana dukan gindinsu. A can samansu akwai wata 'yar siririyar hanya kamar ta awaki, ta hau ta gangara, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ta ce, "Umma, ranar da kika bi hanyar nan da ƙafarki, na janye maganar keke." Ta ɗauka zan tsorata. Na tsorata ɗin kuwa, amma ban nuna mata ba.

To ga abin daɗi. Jiya na hau bas ni kaɗai na koma wajen, sai na tarar ruwan ya janye can nesa, ya bar yashi shimfiɗe a gindin duwatsun. Dama Badi'a ta ce yanzu ne raninsu, komai nasu a juye yake. Ashe tekun ma ƙafewa yake kamar rafinmu. Saboda haka duk ranar da ta tafi aiki zan je in riƙa taka yashin nan, ƙafa ta yi ƙwari, kafin in tunkari ta sama. Kada ki faɗa mata.

Ki gaida kowa. Taki mai ƙafa ɗaya da rabi,
Gwamma.

Kabo, ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yar'uwata Gwamma ta Gwarzo, baƙuwar Turawa.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna nan lafiya, ruwa yana sauka, alhamdu lillahi. Malam yana amsawa. Takardarki ta iso, na karanta ta da kaina, ko da yake rubutun naki har yanzu kamar kaza ta bi ta kan tawada.

Ba na son ɓoye-ɓoye tsakanin uwa da 'ya, kuma kin sani. Amma na yi nazarin maganar, ban ga aibu a taka yashi ba. Ruwan da ya janye da rani ba ya dawowa sai damina, wannan ko yaro ya sani. Sau nawa muka ratsa rafi a ƙafe da tallan man gyaɗa a ka, za mu kasuwar Kara? Ki dai tafi da sanda, ki yi addu'ar fita daga gida, kuma kada ki tsaya surutu da mutanen da ba sa jin yarenki.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Malam ba. Idon nan ya ƙara ja baya. Yaran da ke zaune a bayan aji, da murya nake gane su yanzu. In na tuna yawan jama'ar da ke wajen ɗawafi sai gabana ya faɗi. Ana ta ce mini za a haɗa ni da wata a cikin ayari, ni kuwa ba na son hannun wata. Naki na sani, mai kaushin suyar ƙuli-ƙuli. Ki lallaɓa gwiwar nan, don ba taki ba ce ke kaɗai.

Allah ya tsare, ya dawo mana da ke lafiya.
Furera.

Ingila, ranar Litinin.

Malama Furera mai ilimin ruwa,

Salamu alaikum. Gaisuwar yau gajeriya ce, don labari na cina. Ki zauna kafin ki karanta. Ni da ke duka mun yi karatun banza: tekun nan ba rafinmu ba ne.

Ranar Asabar Badi'a ta fita aiki, ni kuma na ɗauki sandata da 'yar jakata na tafi. Yashin nan ya yi daɗin taka, da ɗan sanyi-sanyi. Na yi ta tafiya, na zagaya wani ƙaton dutse da ya miƙo hanci, na shiga wani lungu mai kyau, ba kowa sai tsuntsaye. Na shimfiɗa ɗankwali na yi azahar, na ci dambun naman da na taho da shi, har na ɗan miƙe ƙafa ina yi miki dariya a zuci, ke kina can kina fama da yara.

Da na tashi komawa, Furera, babu hanya. Inda na bi ɗazu ruwa ne yake tumbatsa, kuma tahowa yake. Ba hadari, ba ko ɗigon yayyafi, rana tana sama, amma damina ta sauka. Na duba waya, ba sabis. Na ce innalillahi, yau 'yar Gwarzo za ta zama abincin kifi.

Sai na ji ana kwaɗa kira daga sama. Wata tsohuwar Baturiya ce, ta girme mu, da gajeren wando da karenta, tana nuna mini wata matakala da aka sassaƙa a jikin dutsen. Na ɗaga kai na bi ta da kallo har wuyana ya gaji. Wato hawan da nake ta gudu shi ne kaɗai ya rage mini.

Iska ta cika hijabina tana neman tashi da ni, sai na tattare shi na ci ɗamara kamar za ni sussuka. Na fara hawa. Ƙafa mai lafiya gaba, mai ciwo ta biyo, haka likita ya koya mini. Inda ya yi tsayi na sa hannu na rarrafa, ban ji kunyar kowa ba. A tsakiya gwiwar ta fara rawa, na zauna a kan matakalar, ƙasa ruwa, sama dutse, kuka ya zo mini. Wallahi ke na tuna. Na ga kina tsaye cikin taro kina lalube, kina kiran sunana. Na ce wa gwiwar, "Tashi, ba taki ba ce ke kaɗai, Malama ta faɗa."

Da na kai sama tsohuwar ta kama hannuna ta jawo ni, tana ta magana, ni ma ina ta magana, ba mai jin wani. Karen ya zo zai lashe ni, na ce, "A'a, ɗan nan, da alwalata." Ta fahimta, ta ɗaure shi. Ta nuna mini hanyar ƙauyen da ake hawa bas, sai ga shi ita ce dai hanyar awakin da Badi'a ta gindaya mini. Muka kama ta tare. Mu hau, mu gangara, mu sake hawa. Wani wajen faɗinsa bai wuce tabarma ba, ga rami a gefe, sai in kafa ido a kan takalmin tsohuwar ina salati. Da muka kai wani tudu ta taɓa kafaɗata ta ce in duba. Furera, ruwa shuɗi har inda ido ya ƙare, rana tana wasa a kansa, ga tumaki ƙosassu suna kiwo a bakin rami ko a jikinsu. Daɗi ya kama ni, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Tumakin suka watse, tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce in ƙara. Na ƙara mata.

Da ƙafata na shiga ƙauyen nan. Sauran labarin ki ji daga bakin Badi'a mai maganar keke.

Taki mai ƙafa biyu cur,
Gwamma.

Ingila, ranar Laraba.

Zuwa ga Inna Furera.

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba Malam. Da fatan jiki da ido da sauƙi.

Inna, ƙara na kawo, kuma har da ke a ciki, don Umma ta nuna mini takardarki. Tekun nan kullum sai ya janye ya dawo, safe da yamma, ba ruwansa da rani ko damina. Mutanen nan sai sun duba lokacinsa kafin su taka yashi. Da aka kira ni a wajen aiki aka ce ga mahaifiyata a wani ƙauye, ban san yadda na tuƙa motar ba. Na same ta a shagon shayi ta miƙe ƙafa, tana koya wa wata tsohuwa guɗa. Na yi faɗa, na yi kuka, ita kuwa tambayata take ko na taho da kuɗin shayin.

Na duba gwiwar a ranar, na sake dubawa washegari. Ba kumburi, sai ciwon gajiya. Tsohuwar ta ɗauke ta a waya tana hawan matakalar, na kalla, ni kaina sai na huta kafin in kai ƙarshenta. Na yi alkawari, kuma ta cika sharaɗi. Na janye maganar keke. Roƙona ɗaya, in kun je can kada ku yanke wa kanku hukunci a kan abin da ba ku sani ba, ku tambaya.

Ki sa mu a addu'a. 'Yarki,
Badi'a.

Kabo, ranar Juma'a.

Gwamma,

Wa'alaikumus salam. Na karɓi laifina a kan maganar ruwa, ki ba Badi'a haƙuri. Na yi sujadar godiya, sannan na yi dariya har Malam ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Ni ma ban zauna ba. Tun da takardarki ta farko ta zo nake fita da safe in taka hanyar Gude in dawo, don kada ki ja ni kamar akuya a gaban jama'a. Ki tambayi Badi'a ta tabbatar mini, ta hagu ce aka yi wa aikin ko? In ita ce, ta nan zan tsaya. Ke ki duba mana hanya, in gwiwar ta yi rawa ki jingina da ni.

Sai kin dawo.
Furera.